Wa ya koya wa Linus?

Makon jiya ɗan yayata ya same ni a gida. Ya gama digiri a kimiyyar kwamfuta, ya yi bautar ƙasa, shekara biyu ke nan yana zaune. Ya ce, "Kawu, ka samo min wanda zai koya min rubuta kanel da direba." Na ce direba kuma? Ai ga tasha can. Sai ya yi min bayani: kanel ita ce zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, direba kuwa ɗan tafinta ne tsakaninta da kayan aiki irin su kyamara ko firinta. Wayar Android ɗin da kuke karanta wannan da ita, kanel ɗin Linux ce a cikinta.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ban san kowa a wannan fage ba. Amma na bi tarihin abin, kuma ya ba ni mamaki.

A 1976 wani malami a Jami'ar New South Wales ta Ostareliya, John Lions, ya ɗauki kanel ɗin Unix, wadda ba ta kai layi 10,000 ba, ya yi wa ɗalibansa sharhinta dalla-dalla, kamar yadda malamin zaure ke fassara littafi. Da kamfanin AT&T ya fitar da sabon zubi a 1979, sai ya hana koyar da ita a aji. Me ɗalibai suka yi? Fotokwafi. Kwafi a kan kwafi, har rubutu ya dusashe, hannu zuwa hannu, sai 1996 aka yarda aka buga littafin. Duk wanda ya yi jami'a da handawut ya san wannan rayuwa.

Wannan hanin ne ya sa Andrew Tanenbaum a Amsterdam ya rubuta tasa, Minix, ya haɗa da littafi a 1987. Littafin ne ya faɗa hannun wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, wanda ya sanar da Linux a watan Agustan 1991 yana ɗan shekara 21. Bai taɓa zama ajin Tanenbaum ba. Ƙarshe ma, a farkon 1992 malamin fitowa ya yi a bainar jama'a ya ce tsarin Linux tsohon yayi ne. Wallahi da ni ne da na ajiye abin.

Yanzu an ɗan sassauta. Tun 2008 Greg Kroah-Hartman ya ware wani sashe da ake kira staging, inda ake tara direbobin da ba su gama nuna ba. Sabon shiga yakan gyara ɗan kuskure ya tura ta imel, manya su duba su dawo masa da shi. Ana faɗa a gidan, don Linus da kansa sai da ya ba da haƙuri a 2018 kan zafin bakinsa. Akwai kuma shirin Outreachy da na Linux Foundation, masu haɗa mutum da jagora na 'yan watanni, amma su ma sai sun ga gyaran da ka riga ka tura.

To, abin da na faɗa wa yaron ke nan: ban ga inda aka samu malami kafin a kawo aiki ba. Na ba shi tsohuwar laftof ɗina. Daren farko yana tsakiyar haɗa kanel aka ɗauke wuta, batirin kuma bai riƙe ko minti ashirin. Mahaifiyarsa ta kira ni da safe, wai in daina biye masa in nemo masa aiki a ma'aikatarmu. Na ce Yaya, a ba shi wata shida.