Kududdufi da Harsashin Ilmin Muhalli a Birnin Zazzau

Ilmin kimiyyar muhalli, yadda ake koyar da shi a makarantunmu, yakan fara da jerin ma'anoni da ɗalibi zai haddace: mene ne muhalli, mene ne gurɓata, mene ne zagayowar ruwa. Misalan da ake kawowa kuwa galibi na nesa ne, narkewar ƙanƙara a ƙurewar duniya ko sare dajin Amazon. Da'awar wannan maƙala ita ce, yaron da ya tashi a cikin ganuwar Zazzau yana da inda zai ga waɗannan ginshiƙai da idonsa a bayan gidansu, wato kududdufi. Rashin duban kududdufi da idon ilmi kuma yana cikin abin da ya sa ake cike shi ba tare da lissafin abin da zai biyo baya ba.

Ginshiƙi na farko shi ne wanda masanin tsirrai ɗan Ingila, Arthur Tansley, ya fayyace a 1935: masu rai da ƙasa da ruwa da iskar da suke rayuwa a ciki tsari guda ne, ba a taɓa ɗaya sauran su zauna lafiya. Tsohon birni haka aka gina shi. Ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da fadamu da manyan itatuwa, shi ya sa har yau ake da unguwanni irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa. Ita ganuwar kanta, da zaurukan unguwanni, da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834–1846), duk da ƙasa aka yi su. Ƙasar nan haƙo ta aka yi, saboda haka kowane soro yana da raminsa a wani wuri. Da damina ramin ya cika, ya zama ma'ajiyar ruwan da ake kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, ake shayar da dabbobi, ake ban ruwan ɗan lambu.

A batun ruwa ne lamarin ya fi nauyi. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan gidan da rufinsa da tsakar gidansa suka kai murabba'in mita 100 yana karɓar kamar lita 100,000 a damina guda, hekta ɗaya kuwa lita miliyan 10. Wannan ruwa hanya uku gare shi: ya koma sama a matsayin tururi, ko ya nutse ƙasa, ko ya gangara ta ƙoramu irin su Kamacha ya nufi Kubanni da Galma, daga can sai kogin Kaduna. Abin da ya rasa hanya ɗaya dole ya ƙaru a wata. Idan aka cike kududdufi, aka yi rufin kwano, aka daɓe tsakar gida da siminti, kason da ke nutsewa ya ragu, mai gangarawa ya ƙaru, ya zo a lokaci guda kuma. A watan Agusta sai lambatu ya kasa ɗauka, ruwa ya kwanta a gindin katangar ƙasa, ta jiƙe ta zube.

Asara ta biyu ba a ganin ta sai da bazara. Ƙarƙashin Zariya dutse ne mai tauri irin wanda ya fito fili a Kufena, ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa da kuma ruɓaɓɓen ɓangarensa na sama. Rijiyoyin cikin gari daga wannan siririn sashe suke sha, shi kuwa da ruwan kowace damina yake cika. Kududdufi yana tsare ruwan wata da watanni, yana ba shi lokacin tsiyaya ƙasa a hankali. Wanda ya sayi kududdufi ya yi gini ya samu fili, amma maƙwabcinsa ne zai ƙara wa gugarsa igiya a watan Afrilu, kuma ba a sa wannan a cikin ciniki ba.

Shara ma da can zagayowa take yi. Toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa a juji suke ruɓewa, a kwashe su a mangala a kai gona kafin shuka, su dawo gida a matsayin dawa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a sashen labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya shirya littafi a kan Zariya da kewayenta a 1970, ya yi fice wajen nazarin irin wannan noma na taki a karkarar da ke kewaye da Kano. Leda ce ta katse zagayen, domin ba ta ruɓewa. Manomi yana ƙyamar takin da ke cike da ita, sai sharar ta rasa mai ɗauka, ta ƙare a bakin kududdufi.

Daga nan ne gurɓata ke farawa, kuma ana iya karanta ta a fuskar ruwan. Idan ruwan wanke-wanke da na salga suka yawaita, kududdufin ya samu takin da ya fi ƙarfinsa, kainuwa da gansakuka su rufe shi ruf. Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah, to amma yawanta a nan shukar mutane ce. Idan ta mutu ta ruɓe, ƙwayoyin da ke cin ta su zuƙe iskar da ke cikin ruwan, ƙananan kifaye su mutu, wari ya tashi. Sai irin su tarwaɗa da ke iya shaƙar iska daga sama suke jurewa. Hanyar da ruwa mai kyau ke bi ya isa rijiya kuma ita ce ƙazanta za ta bi. Tun 1854 likita John Snow ya danganta annobar amai da gudawa a wata unguwar Landan da rijiyar famfo guda, daga baya aka gano tana dab da ramin bahaya.

Masu goyon bayan cikewa suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Kududdufi yana haifar da sauro, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya tana zama a cikinsa, yara kuma suna nutsewa. Ga matsin wurin zama a birnin da jama'arsa ke ƙaruwa. Sai dai sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwa marar zurfi da rana ke duka, irin wanda ke kwanciya a lungu da sawun mota, kuma irin wannan ne ke yawaita idan ruwan unguwa ya rasa mazauni. A ganina ba kowane kududdufi ne ya cancanci a bar shi ba, wasu sun riga sun zama juji zalla. Abin da ba shi da hujja shi ne a yanke wa dukkansu hukunci ɗaya ba a auna ba.

Awon kuwa bai fi ƙarfin ɗaliban sakandare irin na Kwalejin Alhudahuda ba. Igiya mai alamar mita da littafin rubutu sun isa a bi zurfin ruwan rijiyoyi wata-wata, daga Oktoba zuwa Afrilu, a unguwar da kududdufinta yake nan da wadda aka cike nata. Idan masu unguwanni suka ba da izinin shiga gidaje, malaman Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suka duba tsarin aikin, cikin 'yan shekaru hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna za ta samu alƙaluman da za ta dogara da su kafin ta sa hannu a takardar gini.