Kwanukan Bompai da Nauyin da Suka Bari a Ɗakunan Iyayenmu

A gidajen Kano da dama akwai wani lungu na ɗaki ko na sito da ba a cika taɓawa ba. A nan ake kife langa da fanteka da kumbo bisa juna, fentinsu ya ɓare, an shekara ashirin ba a zuba musu tuwo ba. 'Ya'yan gidan kan ce tarkace ne, a fitar a sha iska. Hajiya kuwa ba ta yarda. Kafin a ce taurin kai ne, ya kamata a san asalin kwanukan.

Jeren amarya ya girmi masana'anta. Da ƙwarya da akushi aka fara, masu hali su ƙara da tasoshin tagulla. Kwanon fenti ya shigo ta hannun kamfanonin Turawa a zamanin mulkin mallaka. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnati ta tsauwala haraji kan kayan waje don a riƙa ƙerawa a gida, sai masu masana'antu 'yan Hong Kong, waɗanda da ma su ke aiko da kwanukan, suka kwaso injinansu zuwa Legas da Kano. A lokacin Bompai ce matattarar masana'antun birnin. Sharada da Challawa suka biyo baya, suka bunƙasa da kuɗin man fetur a shekarun 1970, ga kuma ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikata. Kwano ya yi araha, jere ya tashi har ya kusa taɓo rufi.

Sai dai araha ba ta rage wa uwa wahala ba, yawan da ake bukata ta ƙara. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin rayuwar yaran Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda ribar tallar 'yan mata ke tafiya wajen tara kayan ɗakinsu. Ke nan kowace langa gumin yarinya ce da na uwarta, da gudunmawar inna da gwaggo. Kuma mallakin amarya ce ita kaɗai. In aure ya mutu da kayanta take fita. In talauci ya matsa, ta kira dillaliya a asirce ta sayar da biyu ko uku, asiri ya rufu. Ga matar da ba ta da asusun banki, jere shi ne asusun.

Wannan asusu ne ya karye. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, naira ta faɗi, kayan aikin da ake shigowa da su suka yi tsada, rashin wutar lantarki da kwararar kayan Sin suka ƙarasa rufe masana'antu da yawa a rukunan uku. Ɗanɗanon amare ma ya koma kan roba da kula da tangaran. Kwanon da aka yi shekara bakwai ana tarawa, yau ɗan gwangwan ne kaɗai ke tayawa, shi ma a kan sikeli. Kasuwa ta janye darajarsa, zuciyar mai shi ba ta janye ba. A ganina, da yawa daga cikin rigimar da ake yi da iyaye kan “tarkace” daga wannan giɓi take tasowa.

Akwai dai inda abin kan zama ciwo. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware cutar tara kaya a matsayin lalura mai zaman kanta, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a kundinta da ya fara aiki a 2022. Alamarta ita ce mutum ya kasa rabuwa da komai ko da ba shi da amfani, har kaya su hana shi wurin kwana ko girki, tunanin zubarwa kuma ya jefa shi cikin ƙunci. Wannan sai likita. Amma kwanukan da aka wanke aka jera a tsare, mai su ta san tarihin kowanne, ba su shiga wannan layi ba.

Shawarar Marie Kondo ta Japan, wadda littafinta na 2011 ya zagaye duniya, ita ce ka riƙe abin da ke faranta maka rai, ka sallami saura. Tambaya ce ta mutum ɗaya da kayansa, alhali langar Hajiya hannu goma ne suka saya, kuma yawancin masu hannun sun riga mu gidan gaskiya. Zubar da ita kamar share sunayensu ne. Shi ya sa tsohuwar da ta ƙi sauraron ɗan gwangwan takan buɗe sito da kanta ranar da aka ce za a aurar da marainiya a unguwa, ta zaɓi masu sauran fenti, ta faɗi sunan wadda ta ba ta kowanne, sannan ta sa a ɗaure su a zane a kai.