Daga Lambar Keke Zuwa Keken Lantarki

A zamanin En'e, iyayenmu masu shigo da kaya ta Ƙofar Kuyambana ba sa hawan Raleigh sai sun yanki lambar keke, in ba haka ba ɗan doka ya kama. Acaɓa kuwa ta yaɗu babu linzami, har gwamnatin Jihar Kaduna ta haramta ta a Zariya a 2014, matasanmu suka shiga halin ni-'yasu. Cire tallafin fetur a 2023 ya sa ana waiwayar keken lantarki, maras hayaƙi. A Tarayyar Turai, in injinsa ya wuce wat 250 ko kilomita 25 a awa, babur ne a doka. 'Yan uwa mazauna birane, mu nemi a shimfiɗa ƙa'ida kafin mu saya wa 'ya'yanmu, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.