Tsofaffin Taraktocin Lambu: Tarihinsu da Yadda Ake Farfaɗo da Su

Taraktar lambu ita ce ƙaramar taraktar da ake aiki da ita a lambu, ko ƙaramar gona, ko farfajiyar gida. Girmanta bai kai na Keke Napep ba, amma tana jan garma da amalanke, tana yanke ciyawa, a ƙasashen sanyi kuma da ita ake ture dusar ƙanƙara daga ƙofar gida. Iri biyu ce: akwai mai taya biyu wadda mai aiki ke riƙe da mariƙinta yana bin ta a ƙasa, akwai kuma mai taya huɗu wadda ake hawa. Idan aka ce tsofaffi, yawanci ana nufin waɗanda aka ƙera a Amurka da Ingila daga shekarun 1920 zuwa na 1980.

Da yawa daga cikinsu suna aiki har yau, bayan sun haura shekara 50. Farfaɗo da su ya zama sana'a ga wasu, ga wasu kuma abin sha'awa ne da suke kashe wa kuɗi da lokaci. Sirrin daɗewarsu shi ne, tun a masana'anta an ƙera su ne yadda mai su zai iya kwance su, ya sauya abin da ya lalace, ya mayar.

Asalinsu

Cikin magabatan wannan fanni akwai Benjamin Franklin Gravely na jihar West Virginia a Amurka, wanda ya yi rajistar garmarsa mai inji a 1916, sannan ya kafa kamfani a garin Dunbar a 1922. A Ingila, kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya fitar da ƙaramar tarakta mai tafiya a kan sarƙa, samfurin MG2, a 1936, domin masu noman kayan lambu.

Kasuwar ta buɗe sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Amurkawa suka riƙa ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari, inda kowane gida ke da fili. A 1946 Elmer Pond ya fara harhaɗa ƙananan taraktoci a South Bend ta jihar Indiyana, waɗanda daga baya suka yi suna da Wheel Horse. Kamfanin International Harvester ya shigo da Cub Cadet a 1961 daga masana'antarsa ta Louisville. John Deere ya biyo baya a 1963 da samfurin 110, wanda aka ƙera a garin Horicon na jihar Wisconsin, guda 1,000 kacal a shekarar farko. Cub Cadet ta farko da John Deere 110 ta farko duk injin Kohler suka ɗauka, mai ƙarfin doki 7.

Daga baya kamfanonin sun yi ta sauya hannu. MTD ya sayi Cub Cadet a 1981, Ariens ya sayi Gravely a 1982, Toro kuma ya sayi Wheel Horse a 1986. Masu tara kayan tarihi sun fi daraja waɗanda aka ƙera kafin wannan sauyi.

Abin da ya sa suke daɗewa

Dalili na farko ƙarfe ne. Gangar jikinsu ta ƙarfe mai kauri ce, akwatin giya da injin kuma na ƙarfen zubi. Akwatin giyar Cub Cadet ma daga na babbar yayarta ta gona, Farmall Cub, aka samo shi, don haka ya fi ƙarfin aikin da ake ba shi.

Na biyu shi ne sauƙin injin. Jerin injunan Kohler da ake kira K, kamar K181 mai doki 8, da K241 mai doki 10, da K301 mai doki 12, da K341 mai doki 16, duk silinda ɗaya gare su, iska ce ke sanyaya su, ba lagireto. Ba su da kwamfuta. Idan silinda ta cinye, ana iya ƙara mata faɗi a sa fistin mafi girma, har hawa uku, kafin a ce ta ƙare.

Na uku shi ne kayan gyara da littattafai. Kamfanonin sun buga littattafan gyara masu zanen kowane noti da lambarsa, kuma saboda inji iri ɗaya ya shiga taraktocin kamfanoni da dama, har yanzu ana ƙera fistin da ringi da gasket da kafiretarsa.

Kafin a taɓa sifana

Matakin farko shi ne gano ainihin abin da ke hannu. Kowace tarakta tana da ɗan allon ƙarfe mai lambar samfuri da lambar ƙira, injin ma yana da nasa daban. Da waɗannan lambobi ake sanin shekarar ƙira, a nemo littafin da ya dace, a kuma gane ko injin na asali ne ko an taɓa sauya shi.

Daga nan sai mai gyara ya yanke shawarar abin da yake nufi. Wani so yake kawai ta tashi ta yi aiki. Wani zai gyara cikinta ya bar tsohon fentinta yadda yake, domin a wajen masu tara kayan tarihi fentin asali yana da daraja ko da ya koɗe. Wani kuma zai kwance ta gaba ɗaya ya mayar da ita kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Kuɗin da kowace hanya ke ci ya bambanta ƙwarai.

Ana kuma duba abubuwan da ke iya kashe aikin tun daga tushe: tsagewa a jikin inji ko akwatin giya, gangar jiki da ta karye ko tsatsa ta cinye, da ɓacewar sassan da aka daina ƙerawa, irin su murfin inji da allon gaba. Ƙwararru kan ɗauki hoton kowane sashe kafin su kwance shi, su zuba notinansa a leda su rubuta suna.

Tayar da injin

Injin da ya shekara goma a ajiye ba a yi masa gaggawa. Ana cire fulogi, a ɗiga ɗan mai a cikin silinda, a juya injin da hannu. Idan ya ƙi juyawa, fistin ya kama ke nan, sai a jiƙa shi da man sassauta tsatsa na kwanaki. Wanda ya tilasta shi da ƙarfi yana iya karya ringi ko sandar fistin. Idan ya juya, sai a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. A cire murfin fanka a share, domin ɓeraye kan yi sheƙa a ciki su toshe hanyar iska, injin ya yi zafi ya ƙone.

Injin fetur abu uku yake buƙata: mai, da wuta, da matsi.

Ta fannin mai, tsohon fetur yakan daskare ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan kafireta. A Amurka matsalar ta fi tsanani, domin yawancin fetur ɗinsu yana da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, wanda ke jawo danshi yana kuma cin tsohuwar roba. Maganin shi ne a wanke tanki, a sauya tiyon mai, a kwance kafireta a wanke ta, a sa mata sabon gasket da allura.

Ta fannin wuta, waɗannan injuna da kwantak da kwandansa da kwayil suke aiki. Bakin kwantak yakan yi tsatsa, sai a goge shi ko a sauya. A yawancin injunan K, tazarar bakinsa kusan rabin milimita ce, kuma ita ce ke daidaita lokacin da wuta ke tashi, saboda haka kuskure kaɗan yana hana injin ƙarfi.

Ta fannin matsi kuwa, akwai tarkon da ke kama sababbin shiga. Da yawa cikin injunan K suna da wata 'yar na'ura da ke ɗaga bawul kaɗan lokacin tayarwa don injin ya yi sauƙin juyawa. Wannan yana sa ma'aunin matsi ya nuna ƙasa ko da injin lafiyarsa ƙalau. Alamun da suka fi tabbas su ne shuɗin hayaƙi, da shan baƙin mai, da ƙarar ƙwanƙwasa daga ciki. Idan sun bayyana, sai an buɗe injin an kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya auna silinda da karanshaf.

Waɗannan injuna ba su da famfon mai, ba su da matatar mai. Wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistin ke watsa man. Shi ya sa ake sauya baƙin mai duk bayan aikin awa 25, kuma barin sa ya yi ƙasa yana iya kashe injin cikin ɗan lokaci.

Giya, tsatsa da fenti

Akwatin giyar da ya daɗe a waje yakan sha ruwan sama ta gindin sandar giya. Idan man ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a wanke a sauya. Masu tafiya da matsin mai maimakon giya, irin John Deere 140, suna buƙatar ainihin man da littafi ya ambata da sabuwar matata. Bel da tayoyi da wayoyin lantarki kusan kullum sauya su ake yi.

Ana cire tsatsa da burushin waya, ko da feshin yashi, ko ta hanyar jiƙa ƙarfen a ruwan soda a haɗa shi da cajar batir. Sai a shafa fentin share fage kafin na asali: kore da rawaya ga John Deere, ja ga Wheel Horse, rawaya da fari ga Cub Cadet.

Haɗurran da ke ciki

Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, birki da kuloci da gasket na wancan zamani kuma suna iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Kada a goge su a bushe ba tare da abin rufe hanci na ƙwarai ba. Walda a jikin tankin da ya taɓa ɗaukar fetur tana iya jawo fashewa. Cire tsatsa da lantarki yana fitar da iska mai kama wuta, don haka a fili ake yin sa. Haka nan kada a tayar da inji a rufaffen ɗaki, saboda hayaƙinsa yana kisa.

Yawancin na farko-farko ba su da makunnin da ke kashe inji idan direba ya tashi daga kujera. Wuƙar yankan ciyawa za ta ci gaba da juyawa, abin da ya sa ba a barin yara kusa da su.

Lissafin kuɗi

Ga mai tunanin riba, cikakken gyara sau da yawa yana cin fiye da abin da za a sayar da taraktar, idan aka haɗa kayan gyara da fenti da tayoyi da ladan aiki. Samfuran da ba su da yawa, kamar John Deere 110 ta 1963, su ne ke yin tsada. Gyaran da ya fi biyan kuɗinsa shi ne na mai son aiki da ita. Masu wannan sha'awa suna haɗuwa a bukukuwan baje koli, irin wanda ake yi duk watan Agusta a garin Portland na jihar Indiyana, inda ake cinikin tsofaffin sassa.

Irin waɗannan taraktoci ba su yaɗu a ƙasar nan ba, amma danginsu suna tare da mu. Janaretan shago da injin ban-ruwa na fadama duk injuna ne masu silinda ɗaya da iska ke sanyayawa, kuma mai da wuta da matsi ne ke tayar da su. Duk wanda zai sayi inji, ɗan kasuwa ne ko jami'in da ke sayo wa ma'aikata, ya kamata ya tambaya ko ana samun kayan gyaransa a kasuwa, ko yana da littafi, ko kuma akwai bakaniken da ya san shi. Taraktocin da aka ƙera a 1963 suna aiki har yau ne domin an tanadar musu waɗannan abubuwa uku.