Ranar da sabis ya ɗauke: abin da Gusau da Maiduguri suka riga mu gani

Idan kana Unguwar Ya ko wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ka san wannan yanayi. Ka sayar da buhun riɗi, mai saye ya ce zai yi maka tiransifa, sai ku duka biyu ku tsaya kuna ɗaga waya sama kamar masu neman jinjirin wata. Sau da yawa abin na minti talatin ne. Amma a Arewa an taɓa yin na watanni, kuma yana da kyau ka san yadda aka yi.

Wayar salula ba ta daɗe a hannunmu ba. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisi, kowanne kan dala miliyan 285, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki. Kafin nan layukan NITEL a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Iyayenmu da wasiƙa da saƙon baki da rediyo suka rayu.

Kiran da kake yi yana rataye ne a kan abu uku. Akwai turken sabis da kake hangowa a bakin gari, wanda yawanci janareta da batir ke riƙe shi. Akwai hanyar da ke haɗa turken da cibiyar kamfani, ko dai wayar fiba da aka binne a gefen titi, ko faranti da ke harba sigina zuwa turke na gaba. Sannan akwai izinin hukuma. Dizal ya ƙare, sabis ya tafi. Katafila mai aikin titi ta tsinke fiba, ko ambaliya ta kwashe ta, ya tafi. Na ukun shi ne ya fi daɗewa idan ya faru.

A watan Mayun 2013, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka rufe layukan waya a jihohin. Maiduguri ta yi watanni shiru. Sojoji har wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya suka haramta a Borno. A lokacin abin da mutane suka fi rasawa shi ne murya: jin lafiyar uwa, sanar da rasuwa, tambayar ko hanya lafiya. Kuɗin yawancin jama'a yana aljihu.

Shekara takwas bayan haka aka sake gwadawa. Ranar 3 ga Satumba, 2021, NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An ce mako biyu ne. Sai ranar 1 ga Oktoba aka buɗe wa Gusau, sauran jihar kuma sai ƙarshen Nuwamba. A farkon kwanakin mutanen Gusau Funtuwa suke shiga mota su je, su yi kira, su ciri kuɗi, su dawo. Ba a jima ba Katsina ta rufe ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwar. Sakkwato ta rufe 14, Kaduna ma ta bi da wasu yankunanta. Wasiƙa ta dawo: a rubuta a kai tasha a ba direba.

Jigawa ba ta shiga wannan rufewa ba, amma dubi bambancin 2013 da 2021. Wannan karon har da kuɗi aka rasa. Mai POS ya rufe rumfa, ɗan da ke Legas ya kasa turo na cefane, ɗalibi ya kasa cike fom. Kuma ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran agaji. Ko rufewar ta yi amfani ta fuskar tsaro, har yau ana muhawara. Ni dai abin da na gani a fili shi ne, duk shekarar da ta wuce muna ƙara ɗora kaya a kan jaki ɗaya, don haka kowace faɗuwa ta fi ta baya ciwo.

Farkon 2023 ya nuna ɗaya gefen. Canjin takardun naira ya janye tsabar kuɗi daga hannu, kowa ya koma tiransifa lokaci guda, na'urorin bankuna suka kasa ɗauka. A nan sabis na waya yana nan, bankin ne ya shaƙe. Sai kuma 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Kai da ba ka taɓa ganin teku ba, WhatsApp ɗinka ya tsaya, alhali kira yana shiga, domin kiran cikin gida ba ya buƙatar tsallaka teku. An karkatar da data zuwa wasu wayoyin, gyaran kansa ya ɗauki makonni.

To me za ka ɗauka daga nan? Layi biyu yana taimakawa, amma kada ka ba shi amanar da ta wuce ƙarfinsa. Kamfanoni da dama haya suke a turke ɗaya, mallakar irin su IHS, don haka idan janaretan ya mutu duka sukan tafi tare, umarnin hukuma kuwa ba ya ware kowa. Idan data ce kawai ta tsaya, gwada saƙon tes ko lambar bankinka mai farawa da tauraro. Waɗannan suna bin siririyar hanyar da waya ke gaisawa da turke, ko 2G ta ishe su. Idan babu sabis kwata-kwata, kashe wayar ko ka sa ta yanayin jirgi, don neman turken da babu shi yana shanye caji da sauri. Lambobin da ka fi buƙata, na asibiti, na ungozoma, na direban da ka yarda da shi, su zauna a takarda. Ɗan kuɗin da zai riƙe gida kwana biyu zuwa uku ya zauna a hannu, musamman gab da ranar kasuwa.

Rediyo kuma kada ka yar da ita. Ita karɓa kawai take yi, ba ta jiran turke ya amsa mata, batir biyu sun ishe ta makonni. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, kuma a watannin nan uku na Zamfara, ta irin waɗannan akwatuna mutane da yawa suka riƙa jin abin da ke faruwa a jiharsu. Abu na ƙarshe ba ya cin ko sisi: ku zauna da mutanen gida tun yanzu ku tsayar da magana, idan aka kwana biyu ba a ji juna ba, wa zai hau babur, kuma gidan wa za a bar saƙo a Birnin Kudu.