Kwana da Gangara a Layin Dogon Kano zuwa Nguru

Tsarin kwana da gangara shi ne lissafin da injiniyoyin reluwe ke yi kafin a shimfiɗa ƙarfen dogo, domin sanin inda layi zai lanƙwasa, irin kaifin lanƙwasar, da yawan hawa ko gangaren da jirgi zai iya ɗauka. A masarautar Gumel wannan lissafi yana nan kwance a ƙasa, a layin da ya taso daga Kano ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa ya tsaya a Nguru, tafiyar kimanin kilomita 230, wanda aka kammala a 1930. Mutumin Ɗanzomo ko Maigatari da ke son shiga jirgi a wancan zamani, Gagarawa ce tashar masarautarsa, domin dogo bai shiga birnin Gumel ba.

Tudu ne babban abin da jirgin ƙasa ke tsoro. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da tirjiya, shi ya sa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ƙarfin da ke ɗaga kilo biyu zuwa uku ya isa ya ja tan guda na kaya. Amma da zarar layi ya fara hawan mita 1 a cikin kowace mita 100, hawan da jaki ba zai ko ji shi ba, sai a ƙara kilo 10 a kan kowane tan. Kan jirgin da ke jan taragu ashirin a fili sai ya koma jan huɗu ko biyar. Saboda haka hawa mafi tsanani a tsakanin manyan tashoshi biyu shi ke yanke yawan taragun da za a ɗaura wa jirgi tun daga tashar farko, ko da tsawonsa bai wuce kilomita ɗaya ba.

Babban layin dogon Arewa ya fara ne daga Baro, a bakin kogin Kwara. An soma aikin a 1907 ƙarƙashin Percy Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada wanda ya gaji Lugard, kuma Girouard ɗin ne ya shimfiɗa wa rundunar Kitchener dogo a hamadar Sudan a 1897. Ƙarfe ya iso Kano a 1911. Faɗin da aka bi tsakanin ƙarafan biyu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, irin na layin Legas da na Afirka ta Kudu. Araha aka nema. Siririn dogo yana jure kwana mai kaifi, don haka idan 'yan safiyo suka tarar da dutse ko kwari sai su kewaye shi maimakon a fasa ko a cike. Kuma a lokacin babu katafila: da diga da shebur da kwandon ƙasa a ka ake aikin, da leburorin da aka tilasta wa sarakuna da hakimai su tara, abin da tsofaffi ke kira aikin diga. Ta wannan fuska, kowace kwana da aka yi ta rage wa wasu talakawa ɗaukar ƙasa. Sai dai ta bar wa na baya jirgi mai tafiyar hawainiya.

Dalilin wannan nawa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Jirgi idan ya shiga kwana, nauyinsa yana rinjaya zuwa waje, kuma rinjayen yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Maganinsa shi ne a ɗaga ƙarfen waje ya ɗara na ciki, jirgin ya ɗan kishingiɗa, kamar yadda mai babur ke kwantawa idan zai sha kwana. Ɗagawar tana da iyaka, domin jirgin kaya yakan tsaya cak a tsakiyar kwana, kuma siririn dogo bai da faɗin da zai hana shi kifewa ciki idan an wuce gona da iri. Ana auna kwana da tazarar da ke tsakaninta da cibiyar da'irarta. Idan tazarar mita 200 ce, gudun da ya dace a siririn dogo bai fi kilomita 50 da 'yan kai a awa ba.

Akwai kuma mashigar kwana. Layukan farko a Ingila suna fita daga miƙaƙƙen layi su faɗa cikin da'ira kai tsaye, fasinja ya ji an fizge shi gefe. Daga baya aka koma saka wani yanki a tsakani wanda lanƙwasarsa ke ƙaruwa sannu a hankali, ana ɗaga ƙarfen waje daidai da ita. Leonhard Euler ya yi lissafin wannan siffa tun 1744, kafin a san jirgin ƙasa, injiniya Arthur Talbot na Amurka kuma ya fitar da tsarinta don aikin reluwe a 1890. Inda kwana ta haɗu da hawa, ana sassauta hawan, domin ita ma kwanar tana cin ƙarfin inji.

Layin Nguru ya yi sa'ar ƙasa. Kano tana kimanin mita 480 sama da teku, Nguru kimanin 340, wato saukar ba ta kai mita 1 a kowace kilomita ba idan aka raba daidai. Jigayin rairayi na wannan yanki, waɗanda jihar Jigawa ta samo sunanta daga gare su, sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kusan yadda layin ya nufa, don haka bai cika sara su a gicciye ba. Abin da aka guda shi ne ruwa. An riƙe layin a arewacin kogin Haɗeja, nesa da fadamun da ke cika da damina, shi ya sa birnin Haɗeja bai samu tasha ba, Malam Madori ta samu ta kuma bunƙasa da cinikin gyaɗa. Wani abu da ba a cika lura da shi ba: a wancan zamani buhunan gyaɗa da shanu da fatu yamma suke nufa, zuwa Kano, wato jirgi mai kaya shi ke hawa, wanda ya sauke kaya shi ke gangarowa. Hawan da jirgi ke yi idan ya nufi yamma ne ya fi damun mai lissafi.

A Filato lamarin ya sha bamban. Don kwaso kuza, an yi ƙaramin dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daga Zariya zuwa Jos da Bukuru tsakanin 1912 da 1914, mai yawan kwane-kwane. Layin Kafanchan ya iso Jos a 1927, aka rufe ƙaramin a 1957.

Sababbin layuka sun juya lissafin. Na Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, wanda kamfanin CCECC na Sin ya gina aka buɗe a Yulin 2016, faɗinsa milimita 1,435 ne, kuma an tsara shi don gudun kilomita 150 a awa. Irin wannan gudu yana son kwanar da tazararta ta haura kilomita guda, don haka yanzu tudu ake sarewa, kwari a yi masa gada. Haka aka tsara layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 a hannun kamfanin Mota-Engil, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Taragon da aka ƙera wa wannan layi ba zai hau dogon Gagarawa ba; akwai bambancin milimita 368 a tsakaninsu.