Yadda inshorar Medicare ke biyan kuɗin maganin tsofaffi a Amurka

A Amurka, wanda ya cika shekaru 65 na iya shiga Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya da aka kafa a 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson.

To sai dai shirin ya shafe shekaru 40 ba ya biyan kuɗin akasarin magungunan da likita ke rubuta wa mutum ya saya a kantin magani. A watan Disamban 2003 ne Shugaba George W. Bush ya rattaba hannu kan dokar da ta kafa Sashen D, wanda ya fara aiki a Janairun 2006.

Yadda tsarin yake

Kamfanonin inshora masu zaman kansu ne ke gudanar da Sashen D, gwamnati kuma na ba su tallafi. Wasu daga cikin mahalarta kan biya kuɗi duk wata.

Kowane kamfani na da jerin magungunan da ya amince zai biya, an kasa su mataki-mataki. Masu araha na matakin ƙasa, masu tsada na sama, inda kason majinyaci ke ƙaruwa.

Idan maganin mutum ba ya cikin jerin, sai ya nemi izini na musamman da goyon bayan likitansa, ko ya biya daga aljihunsa. Kuma jerin kan sauya, shi ya sa ake ba jama'a damar sauya kamfani daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba a kowace shekara.

Shiga ba dole ba ce, amma wanda ya yi jinkiri alhali ba shi da wata inshorar magani makamanciyarta, za a ɗora masa tara a kan kuɗinsa na wata-wata muddin yana cikin shirin.

Sauye-sauye

Da farko akwai wani giɓi a tsarin: da zarar kuɗin maganin mutum ya kai wani adadi, sai nauyin ya koma kansa baki ɗaya, har sai ya kashe wasu dubban daloli.

Dokar 2022 ta zamanin Shugaba Joe Biden ta taƙaita kuɗin insulin zuwa dala 35 a wata daga 2023. A 2025 kuma ta ƙayyade cewa abin da mutum zai biya a shekara ba zai wuce dala 2,000 ba, adadin da ake sake dubawa kowace shekara.

Sai dai wannan iyaka ta shafi magungunan da kamfanin ya amince da su ne kawai.